Barandar da Gedaliya Ya Rufe

Lahadi, 4 ga Maris, 2018

Yau an yi taron gida a ƙasan bene, kowa ya sauko da kujerarsa. Gida takwas ne a ginin nan, bakwai sun sa hannu, saura ni. Menashe, shugaban kwamiti, ya karanta takarda har shafi uku da muryar mai labarai a rediyo. Menashen da na sha share wa majina a kan matakalar nan. Abin da takardar ke cewa dai shi ne za a gyara ginin a mayar da shi yadda yake a 1935, kuma ofishin kula da tsofaffin gine-gine na Tel Aviv ba zai ba da izini ba sai an buɗe duk barandar da aka rufe. Har da tawa.

Mai zanen aikin kuwa jikata ce, Noga. Shekara shida tana karatun zanen gini don ta zo ta rushe wa kakarta ɗaki. Ta ɗaga wani tsohon hoto tana cewa, "Ku dubi yadda barandun suka zagaye kusurwa, kamar jirgin ruwa."

Na ce, "Yarinya, daga jirgin ruwa iyayenmu suka sauko, kuma ban ji sun ce a mayar da su ba."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Litinin, 5 ga Maris

Ban sa hannu ba. Gwiwa da sauƙi.

Laraba, 7 ga Maris

Noga ta zo cin abincin rana. Ta sha miyar kaza kwano biyu kafin ta fara wa'azi, don ta san idan ta fara da wa'azi ba miya.

Wai Injiniya Rotbard, wanda ya zana ginin, ya yi wa iskar teku hanya: ta shigo ta baranda, ta ratsa falo, ta fita ta tagar kicin. Wai mu muka toshe. Tana ba ni labarin Rotbard kamar wani waliyyi da ta karanta a littafi. Ni da na san shi da ƙafafunsa! A hawan ƙasa ya zauna har ya mutu. Ya gudo daga Jamus da akwati ɗaya da abin awo, kuma a watan Agusta, lokacin da kwalta ke narkewa, za ka gan shi da kwat da laktaye yana zufa kamar tulu. Idan ya hango mace ta shanya zanen gado a barandar gaba, sai ya tsaya a tsakiyar titi ya ɗaga sanda: "Uwargida, kin karya min layi!" Mahaifiyata takan ce, "Injiniya, kawo layin naka in wanke maka shi ma."

Da Noga ta ce a ƙarshe za a shafa farin fenti tas kamar na asali, sai na ajiye cokali. Na ce gidan nan ba fari ba ne. Kalarsa irin ta yashin bakin teku ce idan ruwa ya janye, da ɗan ja-ja a ciki, kuma da yamma bangon yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa sukari. Har lasa na taɓa yi ina yarinya in ji ko da zaƙi.

Ta ce, "Kaka, ke da kika ce min raƙumi ya taɓa hawowa hawa na biyu ya ci labulenku?"

Na ce wannan dabam.

"Da kifin da ya yi sati uku a bahonku har ya san sunansa?"

Kifin nan gaskiya ne rabi. Amma kalar bango gaskiya ce gaba ɗaya, kuma hoton nata baƙi da fari ne, to me zai nuna?

Juma'a, 9 ga Maris

Na zauna a ɗakin da hantsi. Bari in rubuta yadda yake, ko da wata rana.

Taku biyu faɗi, taku bakwai tsawo. Gedaliya, mijina, Allah ya jiƙansa, ya rufe barandar a 1964 da aka haifi Dalit, uwar Noga, muka rasa inda za mu sa gadon yaro na biyu. Kowa a titin nan haka ya yi a lokacin. Sai dai kowa ya kira kafinta, shi kuwa ya ce direban bas da ya san injin ba katako ne zai gagare shi ba. Wata biyu yana bugawa. Tagar robar da ake ja gefe ta karkace tun ranar farko, sai ka ɗaga ta da gwiwa ka ja da hannu biyu. Idan aka yi ruwan sama, kusurwar hagu na ɗiga. Shekara hamsin ina yi masa tsiya a kanta, shi kuma yana cewa, "Bluma, ta faɗi? Ba ta faɗi ba."

Da yara suka tashi ɗakin ya zama nasa. Kujerarsa, rediyonsa, kantar da ya jera gwangwanayen ƙusa. A nan yake gyangyaɗi bayan aiki. A nan ya yi shekara biyun ƙarshe, don ya ce a gadonmu yana jin kamar yana asibiti.

Bas ɗinsa an daɗe da sayar da ƙarfensa. Kayan sawarsa Dalit ta rabar. Abin da mutumin nan ya yi da hannunsa a duniya, wanda za ka taɓa ka ce ga shi, wannan karkatacciyar tagar ce kaɗai. Ban faɗa wa kowa haka ba. Su a ganinsu taurin kai ne na tsufa. Gara haka.

Talata, 13 ga Maris

Menashe ya hawo da takarda da biro. Na ce tabarau na ya ɓace. Ya ce ga shi a goshina. Na ce wannan na kallon nesa ne. Kafin ya sauka ya canja min ƙwan fitila, ya sauko min da tukwanen Idin Ƙetarewa daga saman kabad, ya sha shayi da lemun tsami, ya ci kek yanka biyu.

A bakin ƙofa ya ce, "Yaya Bluma, don Allah ki ji tausayinmu. Filasta na faɗo wa mutane a ka."

Na ce ya sayi hula.

Lahadi, 18 ga Maris

Yau Noga ta zo da wata mata daga ofishin, doguwa mai furfura, da 'yar wuƙa kamar ta likita. Suna neman kalar asali. Suka kankare bango a wuri shida, gaba da baya da gefen shara. Ina leƙensu ta tsagar taga. Fari, a ƙarƙashinsa fari, a ƙarƙashinsa toka-toka, sai siminti. Ashe gyaran da aka yi bayan yaƙin shekarar saba'in da uku, an fasa tsohuwar filastar duka an yi sabuwa. Na tuna ƙurar ma.

Matar ta ce tunda babu shaida, fari za a yi.

Na ɗaga tagar da gwiwa na ce musu ni ce shaida. Matar ta yi murmushi irin na nas, ta ce, "Sannu, Mama." Noga ta sunkuyar da kai tana rubutu.

Shekara tamanin ina ba da labari ana dariya. Sau ɗaya na faɗi gaskiya tsantsa, an ce min sannu.

Alhamis, 22 ga Maris

An fara sharar Idin Ƙetarewa, idin da mu Yahudawa ba ma cin burodi mai yisti. Ni ba mai yawan ibada ba ce, amma ɓurɓushin burodi ba zai kwana a gidana ranar Idi ba, mahaifiyata za ta taso daga kabari. Yau kicin. Bayana ya ce ya isa.

Litinin, 26 ga Maris

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Na zo sharar ɗakin baranda. Shekara huɗu tun rasuwar Gedaliya ban matsar da kantarsa ba, sharewa nake ta gefe. Yau na ce mutumin nan da biskit yake kwana, Allah kaɗai ya san abin da ke bayanta. Na kwashe gwangwanayen, na tura kantar da ƙugu. Ashe ita ke riƙe da allon katakon da ya lulluɓe bangon ciki da shi. Allon ya saki ta sama, ya rusuno kamar mai gaisuwa.

Na leƙa. Rana ta shigo ta tsagar taga ta sauka a wurin.

Yashin bakin teku. Da ɗan ja-jan. Da ƙyallin.

Sai na tuna. Na ce masa ya yi wa bangon fenti kafin a sa gadon Dalit, ya ce fenti sai an jira ya bushe, katako kuwa ƙusa huɗu ne. Ragon mutum! Masu gyaran saba'in da uku ba su shigo nan ba, tunda ya zama cikin gida. Duk ginin nan, taku bakwai ɗin nan ne kaɗai hannun Rotbard ya rage.

Na zauna a kujerarsa na daɗe. Na sa yatsa na shafa, kuma, Allah na tuba, na lasa. Har yanzu ba zaƙi.

Daga nan na mayar da allon, na tura kantar, na jera gwangwanayen yadda suke.

Talata, 27 ga Maris

Idan na nuna, kowa zai san Bluma ba ta yi ƙarya ba. Idan na nuna, ba mai barin wannan bangon a bayan katako da tagar roba. Idan na yi shiru, ɗakin na nan, gidan kuma fari.

Na ɗauki waya sau biyu. Na ƙare da kiran mai kifi.

Asabar, 31 ga Maris

Jiya cin abincin Idi a gidan Dalit. Noga ta zauna can ƙarshen tebur, ta gaishe ni kamar maƙwabciya. Na ba yara labarin yadda kakansu ya tuƙa bas da baya daga unguwar Yafo har gida, ba ta ko ɗago kai ba, ita da ta fi kowa son wurin da ɗan sanda ke gudu yana ƙamewa.

A kicin muna wanke kwanuka Dalit ta faɗa min. Kwamiti ya ce bayan Idi za su nemi wani mai zanen. Wai wadda ta kasa shawo kan kakarta, ina za ta iya da ɗan kwangila. Wannan ne aikin farko da aka ba ta da sunanta, shekara ɗaya da rabi tana kansa. Kuma ta hana a gaya min.

"Me ya sa?"

"Ta ce ba ta so ki sa hannu don tausayi. Mama, taurin kan nan kin san inda ta samo shi."

Na ce wajen ubanta.

Litinin, 2 ga Afrilu

Burodi marar yisti kwana uku, cikina ya zama siminti. Ban yi wani tunani ba yau. Ƙarya nake.

Talata, 3 ga Afrilu

Na kira Noga na ce kantar Gedaliya ta faɗo min a ƙafa. Cikin minti ashirin ta iso a keke, gashi a tsaye. Ta same ni zaune ina shan shayi.

"Kaka! Wallahi wata rana za ki kira da gaske in ƙi zuwa."

Na ce tunda ta zo, ta tura min kantar can.

Allon ya rusuno. Ta durƙusa. Ta kunna fitilar wayarta, ta kashe, ta ja tagar don rana ta shigo, tagar ta ƙi, na ce da gwiwa ake yi. Ta daɗe tana kallo, hancinta kusan a jikin bangon. Wai ƙyallin wani dutse ne da ake niƙawa a zuba a cikin filasta, ta karanta a littafi amma ba ta taɓa gani a gini irin namu ba.

Can ta ce, "Yaushe kika gani?"

Na ce yau da safe.

Ta dubi gwangwanayen da ba ƙura a kansu, ta dube ni. Ta mayar da ido kan bangon. Yarinyar nan tana da tarbiyya wani lokacin.

Sai ta zauna a ƙasa ta jingina da kujerarsa ta ce, "Ashe Kaka Gedaliya ne ya ajiye mana shi." A nan ne na tashi na ce shayi ya huce. Na daɗe a kicin.

Da na dawo na faɗi sharaɗina. Na san kowane tsohon gini yana da fayil a ofishin nan, mai kauri, an rubuta wanda ya zana da wanda ya gina. Na ce a rubuta Gedaliya a ciki. Cikakken suna, da shekara, da abin da ya yi. A shafi ɗaya da Rotbard.

Ta ce, "Kaka, a fayil irin wannan ana kiran abin da ya yi ƙari ba bisa ƙa'ida ba."

Na ce ta rubuta hakan ma, gaskiya ce. Amma ta rubuta sauran.

Alhamis, 12 ga Afrilu

Doguwar matar ta dawo da mutum biyu da kyamara. Yau ba "sannu, Mama". Yau tambaya take yi tana rubutawa: ƙarfen matakala wace kala ce, ƙofar shiga fa, saman rufi akwai rumfa? Na faɗa mata gaskiya duka. Na so in saka raƙumin, Noga ta taka min ƙafa.

Lahadi, 22 ga Afrilu

Noga ta kawo min shafin, na sa tabarau na karanta da kaina, sau uku. "Filastar asali ta tsira a baranda ta hawa na biyu, saboda rufin katako da mazaunin gidan, Gedaliya Fainzilber, direban bas, ya yi da hannunsa a 1964." Layi huɗu a ƙarƙashin sunan Injiniya. Da Rotbard na raye da laktayen ya shaƙe shi.

Menashe ya miƙo biro da sauri, kamar zan fasa. Na sa hannu. Na riƙe biron, mai kyau ne.

Litinin, 5 ga Nuwamba

Izini ya ɗauki wata shida. Yau masu aiki suka zo cire ɗakin. Dalit ta ce in je gidanta in wuni, na ƙi. Na sa kujera a falo na zauna.

Babbansu ya ce aikin awa ɗaya ne. Na hawa na uku sun cire su duka kafin azahar, na kafinta, tsaf. Da suka zo kan na Gedaliya suka ci karo. Inda ake sa ƙusa ɗaya ya sa biyar, ya bi da gam, ya ɗaure da waya, a wani wurin har da ƙarfen kujerar bas. Ƙarfe huɗu suka tashi ba su kai rabi ba.

Babban ya share zufa ya ce, "Mama, wane ne ya yi wannan aikin?"

Na ce mijina.

Ya ce, "Allah ya jiƙansa, amma ya wahalar da mu."

Na ce ni shekara hamsin na yi.

Talata, 6 ga Nuwamba

Sun gama da yamma. Tagar ta fita ɗungurungum, ba ta karye ba. Suka tambaya ko ina so a ajiye min. Na ce in yi me da ita. Na shiga ɗaki har motar shara ta tafi.

Falon ya yi haske da yawa. Ba na so.

Juma'a, 21 ga Yuni, 2019

Littafin nan ya shige ƙarƙashin ledar da aka rufe kaya da ita, sai jiya ya fito. Ba abin da aka rasa, wata bakwai na ƙura da guduma ne.

An sauke ƙarafan hawa ranar Talata. Kalar ta yi kusa. Ba daidai ba, na faɗa wa Noga, ta asali ta fi ɗan ja. Ta ce an auna da na'ura. Na ce na'urar ba ta nan a 1945, ni kuwa ina nan.

Ba wai ina zama a barandar ba ne. Yau dai zafi ya yi yawa, kuma kankanar da na sayo ta cika ruwa, ban so ta ɓata min tebur. Shi ya sa na fita da ita, da ɗan cuku mai gishiri. Wajen ƙarfe biyar iska ta taso daga teku, ta wuce ni ta shiga falo, na ji ƙofar kicin ta buga. Iska ce dai, ba wani abu ba.

A ginin da ke kallonmu duk barandun a rufe suke har yanzu. A hawa na biyu wata tsohuwa ta buɗe 'yar tsaga tana leƙena, ido ɗaya da rabin hanci. Shekara nawa muna fuskantar juna, ban taɓa sanin da mutum a wurin ba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baiwar Allah! Ba ki dahuwa a cikin akwatin nan?"

Ta ce me?

Na ce ta sauko ta hawo, kankana ta yi min yawa.

Sunanta Perla. Ta ci yanka uku, ta zauna har rana ta faɗi. Ta ce mijinta ne ya rufe tasu. Na ce na sani, duk haka suke. Da za ta tafi ta tambayi wanda ya yi mana aikin, na rubuta mata lambar jikata a bayan takardar cukun.

Noga ba za ta ji wannan daga bakina ba.